Sojan Ƙasa na Najeriya a Yaƙin Tsaunukan Bama

Sojan ƙasa, wanda Hausawan dauri ke kira dakare, shi ne mayaƙin da ke tunkarar abokan gaba da ƙafarsa, bindiga a hannu, kaya a baya. Tsakanin 1943 da 1945, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, dubban irin waɗannan sojoji daga Najeriya, cikinsu har da samarin birnin Kano da ƙauyukanta, sun yaƙi sojojin Japan a ƙarƙashin tutar Ingila a tsaunukan ƙasar Bama, wadda ake kira Myanmar tun 1989. Waɗanda suka dawo su ne aka fi sani da mazan jiya. Waɗanda suka kwanta dama a can kuwa, da yawa daga cikinsu ko kabarinsu ba a sani ba.

Daga Kano zuwa bariki

Rundunar da suka shiga ita ce ta tsaron iyakokin Afirka ta Yamma, wadda Lugga ya fara haɗawa a 1897, kuma ita ce ta ci Kano da yaƙi a watan Fabrairun 1903. Shekara arba'in bayan haka, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, sai ga 'ya'ya da jikokin waɗanda aka ci suna sanye da kakinta. Neman sababbin sojoji yakan biyo ta hannun sarki zuwa hakimai da dagatai, saboda haka da wuya a raba wanda ya shiga don albashi ko son ganin duniya da wanda dagaci ya nuna da yatsa don ya cika adadin da aka ɗora masa. Daga Kano jirgin ƙasa kan kai su wuraren horo, mafi shahara shi ne na Zariya, inda ake koya musu fareti da harbi da bindigar Lee-Enfield. Hausa ce ta daɗe tana zama harshen bariki, shi ya sa Turawa kan yi wa sojojin kuɗin goro su kira su Hausawa, alhali akwai Barebari da Tibi da Zabarmawa da sauran ƙabilu masu yawa a cikinsu. Farabiti kan iya zama kofur, ya zama saje, har ya kai samanja, amma nan ne iyakarsa, domin hafsoshin da ke jagorantar bataliyoyin Najeriya Turawa ne.

Wasu daga cikinsu sun riga sun ɗanɗana yaƙin dutse a Habasha, inda birged ɗin Najeriya ta fasa tsaron Italiyawa a mashigar Marda a watan Maris na 1941 kafin ta shiga Harar. Sai dai waɗancan duwatsu busassu ne, ana hangen nesa a kansu.

Tsaunukan Arakan

A 1943 aka kafa Runduna ta 81 a ƙarƙashin Manjo Janar Woolner, aka ɗauke ta a jirgin ruwa, aka kewaya ta ƙarshen kudancin Afirka zuwa Indiya. Tambarinta baƙin gizo-gizo ne, wanda aka ɗauko daga tatsuniyoyin Ashanti, ko da yake Bahaushe ba ya bukatar a gaya masa ko wane ne Gizo. Runduna ta 82 ta bi bayanta a 1944, tambarinta kuma mashi biyu ne a giciye a kan gammo. Wannan gammo ya faɗi gaskiyar yaƙin, domin dalilin da ya sa aka tura sojojin Afirka ta Yamma kwarin kogin Kaladan da ke yankin Arakan a yammacin Bama shi ne suna da rukunonin 'yan dako da ke ɗaukar harsasai da abinci da sassan manyan bindigogi a ka, su bi inda mota ba ta shiga, wani lokaci har inda alfadari ke turjewa.

Mutumin da ya tashi a Kano, in an ce dutse, Dala da Gwauron Dutse ne ke zuwa masa a rai, waɗanda yaro kan haye kafin tuwo ya huce. Tsaunukan Arakan jere suke, wani na bin wani daga arewa zuwa kudu, lulluɓe da gora mai kaurin da sai an sa adda ake samun wurin sa ƙafa, a tsakaninsu kuma rafuka ne da ke cika su tumbatsa cikin ɗan lokaci. Soja kan hau da hannu da ƙafa, yana riƙe saiwoyi, ya kai ƙololuwa ya tarar da wani tsaunin na jiransa. Da gatari da diga da shebur sojojin Runduna ta 81 suka sare hanyar ƙaramar mota mai tsawon fiye da mil 70 a cikin waɗannan tsaunuka, daga Chiringa zuwa kwarin Kaladan. Bayan sun nausa ciki kuwa, abincinsu da harsasansu daga sama jiragen yaƙi ke jefo musu da laima, kuma ita ce babbar runduna ta farko da aka ciyar kacokan ta wannan hanya.

Yadda ake rasa rai

Sojojin Japan sun ƙware wajen haƙa ramuka a kan tuddai, su rufe su da gungumen itace da ƙasa, su bar 'yar kafa da bakin bindiga mai sarrafa kanta zai leƙo. Wanda aka umarta ya kama irin wannan tudu dole ya hau a hankali saboda gangare da santsi, na sama yana ganinsa, shi ba ya ganin na sama, gurneti kuma sai dai a mirgino masa. A watan Maris na 1944, bayan Runduna ta 81 ta isa garin Kyauktaw, Japanawa suka yi mata ba-zata, suka ƙwace tudun da ke kallon garin, abin da ya tilasta mata ja da baya. A daidai wannan lokaci bataliyoyin Najeriya ta 6 da ta 7 da ta 12 suna tare da dakarun Chindit na Janar Wingate, waɗanda aka sauke da jirgin sama a bayan abokan gaba a arewacin ƙasar. A watan Janairun 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka kama Myohaung, daga nan Runduna ta 82 ta ci gaba kudu ta Dalet da Tamandu da Letmauk zuwa mashigar An. A wannan zagaye kaɗai, waɗanda aka kashe ko aka raunata ko suka ɓace daga cikinta sun kai 2,085, adadin da ya fi na kowace runduna a wannan fagen.

Harsashi ba shi kaɗai ke kisa ba. Zazzaɓin cizon sauro da atini da matsattsaku da ruwan damina da ke zuba wata da watanni sun kwantar da mutane fiye da yadda bindiga ta yi, kuma raunin da likita zai ɗinke cikin sauƙi a gari yakan zama ajali idan sai mutum huɗu sun yi kwanaki suna ɗauke da mai shi a kan gadon gora kafin a kai wurin da ƙaramin jirgi zai iya sauka. Ɗan dako ma, wanda sau da yawa adda ce kawai makaminsa, yana mutuwa a kwanton ɓauna kamar mai bindiga, ko da yake an fi saurin mantawa da shi. Wanda ya faɗi a kan tudu, abokansa kan naɗe shi a bargonsa su binne shi a wurin, a yi masa salla idan hali ya yi, su kafa alama su wuce. Damina ɗaya ta isa ta shafe alamar. A gida kuwa labari kan ɗauki lokaci kafin ya biyo ta hannun hukuma zuwa mai unguwa, a yi zaman makoki ba gawa, matarsa ta yi takaba.

Inda sunayensu suke

Sunayen wuraren da aka gwabza da na dakarun da suka yi yaƙin sun dawo Najeriya a jikin barikoki: Dodan da Myohaung da Arakan a Legas, Letmauk a Ibadan, Dalet a Kaduna, Chindit a Zariya. Barikin Bukavu na Kano ba ya cikin wannan jeri, domin sunansa daga aikin kiyaye zaman lafiya na Kwango ya samo asali. Ranar 15 ga Janairun kowace shekara ake tunawa da mazan jiya a Kano da sauran jihohi, kuma wannan rana ta ƙarshen yaƙin basasa ce a 1970, wadda ta maye gurbin 11 ga Nuwamba da ake wannan tunawa a da.

A maƙabartar Taukkyan da ke arewa da birnin Yangon akwai ginin tunawa da aka buɗe a 1958, ɗauke da sunayen sojoji kusan 27,000 da suka mutu a yaƙin Bama ba a san kabarinsu ba, kuma 'yan Najeriya na da nasu sashen a jiki. Da yake akawun ɗaukar soja yakan rubuta sunan yanka ne ya bi shi da sunan garin da mutum ya ce ya fito, mai karanta ginshiƙan zai riƙa cin karo da Kano da Katsina da Sakkwato da Bauci a matsayin sunan mahaifi, an rubuta su yadda kunnen Bature ya ji su.