Game Boy da Gardamar Ƙarfin Na'ura da Daɗin Wasa

Game Boy ƙaramar na'urar wasan bidiyo ce ta riƙewa a hannu, wadda kamfanin Nintendo na Japan ya fitar ranar 21 ga Afrilu, 1989. Da ita ake yawan kafa hujja duk lokacin da aka ta da tsohuwar gardamar nan ta masu harkar: ƙarfin na'ura ne ke sa wasa ya karɓu, ko kuwa daɗin buga shi?

A ido dai ba ta da abin burgewa. Allonta bai kai tafin hannu ba, launinsa kore-kore ne mai hawa huɗu daga haske zuwa duhu, ga shi ba fitila a ciki, sai mai wasa ya matsa bakin taga ko ya rakuɓe ƙarƙashin ƙwan lantarki. A wannan shekarar kamfanin Atari ya fito da tasa na'urar, Lynx, mai launi da hasken allo, kamfanin Sega ya biyo baya da Game Gear a 1990. Dukansu sun fi ta kyan hoto nesa ba kusa ba. Illarsu cin batir: shida sukan ƙare cikin awa uku zuwa biyar, alhali huɗu kan kai Game Boy awa 15 ko fiye. Kuɗinta a Amurka dala 89.99, kusan rabin na Lynx.

Wannan zaɓi ba na rashin yadda za a yi ba ne. Gunpei Yokoi, injiniyan da ya jagoranci aikin, ra'ayinsa shi ne a ɗauki fasahar da ta kwana biyu, ta yi araha, an san halinta, a nema mata sabon amfani. Haka ya yi a 1980, sa'ad da ya mayar da irin allon kalkuleta ya zama Game & Watch, wata ƙaramar na'urar wasa ta hannu.

Sauran aikin Tetris ne ya yi shi. Alexey Pajitnov ya ƙirƙiro wasan a Mosko a tsakiyar shekarun 1980, kuma da shi aka haɗa na'urar a kwali ɗaya a Amurka. Tubala ne ke saukowa, kai kuma ka juya su ka jera. Layi ya cika ya ɓace. Minti guda ya isa koyo, ajiyewa ce wahala, kuma launi ba abin da zai ƙara masa. A 1996, lokacin da ake ganin na'urar ta tsufa, Pokémon, wasan kama halittu da horar da su, ya sake farfaɗo da ita. Idan aka haɗa da Game Boy Color, samfurinta mai launi da ya biyo baya, an sayar da miliyan 118.69, Game Gear kuwa wajen miliyan 11 ya tsaya.

Sai dai a ce fasaha ba ta taka rawa ba, an yi wa labarin gajeren karatu. Juriyar batir ita ma fasaha ce, haka wayar da ke haɗa na'ura biyu, wadda ba don ita ba, da musayar halittu tsakanin yara a Pokémon ba ta yiwu ba. Wasan Super Mario 64 na 1996 kuwa, daɗinsa ya rataya ne kan sabuwar na'ura mai iya zana duniya mai zurfi, da sandar juyawa da ke bin motsin babban yatsa. Shi kansa Yokoi bai tsira daga tuntuɓe ba: Virtual Boy ɗinsa na 1995, mai hoto ja da baƙi da sai an cusa fuska kafin a kalle shi, ya jawo ƙorafin ciwon kai, ko miliyan ɗaya bai sayar ba aka janye shi.

Akwai wata Game Boy da ta ƙone a wani barikin soja lokacin yaƙin Gulf na 1991. An daɗe ana nuna ta a shagon Nintendo na birnin New York, robarta ta narke ta yi baƙi ƙirin, Tetris na ta saukowa a allonta.