Ina takin da ake zubawa a fadama yake tafiya? Tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya yi noma a fadamun kogin Galma ko na Kubanni, a yankin Zariya, ya san cewa buhun yuriya guda ba ya yin aiki iri ɗaya a ko'ina cikin gona. Ruwa yana kwashe wani kaso, amma akwai kason da ke komawa iska ba tare da an gani ba.

Me ke mayar da taki iska?

Wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ke cikin ƙasa, irin su Pseudomonas. A al'ada da iskar oksijin suke numfashi, to amma idan ruwa ya cike ƙofofin ƙasa har oksijin ya ƙare, sai su koma amfani da naitiret, wato sinadarin da yuriya ke komawa a cikin ƙasa wanda shuka ke tsotsa, su mayar da shi iskar naitirojin ta fice. Masana na kiran wannan aiki dinaitirifikeshan. Ba ya kankama sai abu uku sun haɗu: naitiret, da ruɓaɓɓen ciyayi da ƙwayoyin za su ci, da ƙarancin oksijin. Zafi yana ƙara masa sauri.

To me ya sa asarar ba ta zama ɗaya a fadama guda?

Domin fadama ba ƙasa ɗaya ba ce, ko da ido ya ga shimfiɗa guda. Idan kogi ya yi ambaliya, yashi ne ke fara kwanciya kusa da gaɓa, laka kuma sai ta yi nisa kafin ta zauna a kwari. Gaɓar mai yashi tana tsotse ruwa da wuri, iska ta shiga, don haka ƙwayoyin ba sa samun dama sosai, sai dai naitiret ya zurare ƙasa tare da ruwa. A can ƙasan kwari, inda ruwa ke kwance wata da watanni, oksijin ya ƙare kuma abinci ya wadata, amma naitiret kansa ne ke ƙaranci, domin sai da oksijin ake samar da shi daga yuriya ko daga ruɓaɓɓen ganye.

Wurin da ya fi cin taki, sau da yawa, shi ne tsakanin waɗannan biyu, inda ƙasa ke jiƙa ta bushe ta sake jiƙa. Lokacin bushewa naitiret yana taruwa, ruwa na dawowa kuma sai a cinye shi cikin kwanaki kaɗan. Aikin yakan fara ƙarfi idan ruwa ya cike kusan kashi 60 cikin ɗari na ƙofofin ƙasa. Wannan ne ya sa ruwan farkon damina, da ban-ruwan da ya wuce kima a noman rani, suke da tsada ga mai tumatir da albasa, ko da yake ba kasafai ake lissafa su cikin asara ba.

Shinkafar da ke cikin ruwa kullum fa?

Ita ma ba ta tsira ba. Saman lakar akwai ɗan siririn ɓawo mai oksijin, inda yuriyar da aka watsa ke zama naitiret, sannan ya gangara zuwa lakar da ba iska ya salwanta. Shi ya sa masana noma, har da na Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru, ke ba da shawarar a raba taki kashi-kashi maimakon a zuba shi gaba ɗaya. Binne dunƙulen yuriya santimita 7 zuwa 10 cikin laka shi ma yana rage asarar. Yuriya kashi 46 cikin ɗari naitirojin ce, kuma a farashin yau ba abin wasa ba ce.

Ashe abin duk cutarwa ne?

A'a. Dausayin da ke tsakanin gonaki da kogi yana tace ruwa ta wannan hanyar, yana rage naitiret kafin ya shiga Galma, kogin da Zariya ke sha daga madatsarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 50 na naitiret a kowace lita ta ruwan sha. A ganina, mai noma har bakin ruwa ba tare da barin ciyawar gaɓa ba yana rushe matatar da bai biya ko sisi ba. Sai dai idan ƙasa mai tsami ce, ko jiƙarta ba ta kai ba, aikin yakan tsaya a rabi ya saki iskar naitiros oksaid, wadda ta fi iskar kabon ɗumama duniya kusan sau 270.