Agogon jiki da lokutan cin abinci

Agogon jiki tsari ne da ke cikin halittar mutum da dabbobi da tsirrai, wanda ke kewayawa sau ɗaya a kusan kowace awa 24. Shi ke tsara barci da farkawa, hawa da saukar zafin jiki, jin yunwa, da yadda jiki ke sarrafa abin da aka ci. Dalilinsa ne malmalar tuwo ɗaya take yin aiki daban a jiki idan aka ci ta da hantsi, daban kuma idan aka ci ta da tsakar dare.

Tarihin bincike

A 1729 wani masanin taurari Bafaranshe, Jean-Jacques de Mairan, ya ajiye wani tsiro mai naɗe ganyensa da dare a cikin duhu. Sai ya tarar ganyen na buɗewa da rufewa a kan kari, alhali bai ga rana ba. Masana sun daɗe suna ja-in-ja a kan ko lissafin daga cikin tsiron yake ko daga waje.

An gwada abin a kan mutane ne a shekarun 1960. Michel Siffre, shi ma Bafaranshe, ya yi wata biyu a cikin kogo a 1962, ba agogo ba hasken rana. A Jamus kuma Jürgen Aschoff ya riƙa ajiye masu sa kai a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa na tsawon makonni. Dukkansu sun ci gaba da barci da farkawa bi da bi, sai dai yininsu ya ɗara awa 24. Awon da aka yi a Jami'ar Harvard, aka buga a 1999, ya nuna a matsakaici ɗarawar kimanin minti 11 ce kawai.

A 1971 Ronald Konopka da Seymour Benzer suka gano cewa ƙwayar gado guda ɗaya tana iya gaggauta agogon ƙaramin ƙudan nan mai bin 'ya'yan itace, ko ta jinkirta shi, ko ta rushe shi baki ɗaya. Shekara ɗaya bayan haka aka gano mazaunin babban agogon a ƙwaƙwalwar ɓeraye. Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young sun ware waccan ƙwayar gadon a 1984, kuma aikinsu ya kai su ga lambar yabo ta Nobel a 2017.

Abin da ya haɗa wannan fanni da abinci ya bayyana ne a 2000, a ɗakin binciken Ueli Schibler da ke Geneva. Ɓera da dare yake kiwo. Da aka hana shi abinci sai da rana, cikin 'yan kwanaki agogon hantarsa ya juya ya bi lokacin ci, na ƙwaƙwalwa kuwa ya tsaya yana bin haske. Wato jiki ɗaya, agogo biyu da suka raba hanya.

Yadda yake aiki

Babban agogon curin ƙwayoyin jijiya ne kimanin 20,000, a saman mahaɗar jijiyoyin ido, kuma haske ne ke saita shi. Hanta, hanji, tsoka da kitse kowanne na da ƙaramin agogonsa, waɗanda lokacin ci ke da tasiri mai ƙarfi a kansu.

Da asuba sinadarin kotisol yana hawa, hanta ta saki sukari cikin jini don a samu ƙarfin tashi. Da safe jiki ya fi amsa kiran insulin, sinadarin da ke shigar da sukari daga jini zuwa ƙwayoyin jiki, sukari ya fi saurin barin jini. Da dare melatonin, sinadarin da ke shirya jiki don barci, na hawa, insulin ya ragu, sai sukarin abincin dare ya daɗe yana yawo. Bincike da dama sun alaƙanta aikin dare na shekaru da ƙarin haɗarin ƙiba da ciwon sukari.

A tsakanin Hausawan Legas

A tsohon tsarin gida, ana karya kumallo da koko da ƙosai ko ɗumame, a sha fura da rana, a ci tuwo bayan magariba ko isha'i, a kwanta. Babban abincin na dare ne, amma daren farko.

Legas na kusa da layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu, tsawon yininta ba ya nisa da awa 12 duk shekara, don haka rana ba ta sauya wa kowa lissafi. Neman abinci ne ke sauya shi. A kasuwar Mile 12 motocin tumatir da tattasai da albasa daga Arewa kan iso cikin dare, 'yan dako su kwana suna sauke kaya. Direbobin tirela da tanka na kwana a layin shiga tashar jiragen ruwa ta Apapa. Masu gadi, masu tsire a Obalende da masu shayi a Agege da Idi-Araba, kasuwarsu sai dare ya yi take ci. Wanda ma yake aikin rana, cunkoson motoci na fitar da shi tun kafin asuba da ciki wayam, ya dawo gida sha ɗayan dare, ya ci abinci mai nauyi, ya kwanta a kansa. Ga shayi mai madara da sukari da burodi da ƙwai da indomi da ƙarfe biyun dare, daidai lokacin da jiki ya fi gazawa wajen sarrafa sukari. Abin damuwar shi ne yawancin waɗannan bayin Allah ba su da zaɓin lokaci, kuma galibin binciken da ake kafa hujja da shi a wasu ƙasashe aka yi shi.

A watan Ramadan ci yakan koma tsakanin buɗa-baki da sahur, barci ya rarrabu. Ana shawartar mai ciwon sukari da ke kan magani ya ga likita kafin azumi.

Taƙaita lokacin ci

A 2012 ƙungiyar Satchin Panda ta Cibiyar Salk a Amurka ta nuna cewa ɓerayen da aka ba abinci mai maiƙo cikin awa 8 kacal ba su yi ƙibar waɗanda ke ci dare da rana ba. A kan mutane sakamakon ya saɓa. Wani gwaji na shekara ɗaya a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, da mutum 139, wanda aka buga a 2022, bai ga fifikon taƙaita lokaci a kan rage yawan abinci kawai ba.