Tseren Makarantu a Ƙasar Zazzau

Tseren makarantu shi ne gasar guje-guje da ɗalibai ke yi tun daga firamare har jami'a. A ƙasar Zazzau ya shigo ne tare da karatun boko. Kafin nan yara suna da langa da rige-rigen zuwa rafi, amma babu mai riƙe musu agogo. A zamanin Turawa har akwai gasar Hussey Shield, wadda ɗaliban Arewa ke karawa da na Kudu.

A garuruwa irin su Giwa, Soba, Makarfi da Hunƙuyi, ba kasafai ake koya wa yaro gudu ba. Tafiyar ƙasa zuwa makaranta, aiken gona da tsoron bulalar makara su ke gina masa ƙafa da numfashi. Wurin da ake fara gane shi kuwa shi ne gasar gidaje, wadda kowa ke ce wa intahaus, galibi a zango na biyu, lokacin da hunturu ya busar da fili. Akan ja layuka da toka ko baƙin man inji, masu gudu da yawa babu takalmi, a ƙarshen layi kuma ɗan aji na tsaye da garin gulukos. Mita 100 da gudun ba-ni-in-ba-ka su ne ke tayar da ihu. Mita 1,500 kuwa, inda yaran ƙauye suka fi ƙarfi, sau da yawa ana yin sa ne jama'a sun tafi sayen rake.

Makarantun kwana na Zariya su ne mataki na gaba. Kwalejin Barewa, wadda aka kafa a Katsina a 1921, ta koma Kaduna a 1938, sannan ta zauna a Zariya a 1949, ta daɗe da tsarin gidaje irin su Ɗan Hausa da Nagwamatse, kowane gida na kishin kofinsa. Sunan Barewa ma ya dace da harkar. Akwai kuma Alhudahuda, da Makarantar Soja ta Zariya da aka buɗe a 1954, inda gudun asuba wajibi ne. A irin waɗannan wurare ne ɗan ƙauye ke fara jin cewa zagaye ɗaya mita 400 ne, kuma wanda ya fita a guje tun farko shi ake wucewa a kwanar ƙarshe.

Jami'ar Ahmadu Bello, da aka kafa a 1962, tana cikin jami'o'i biyar da suka fara gasar wasannin jami'o'in Najeriya, wato NUGA, wadda aka yi karon farko a Ibadan a 1966, kuma ta karɓi baƙuncin gasar a Samaru. Ɗaliban kwalejojin fasaha na da NIPOGA, na kwalejojin ilimi kuma NICEGA. Wanda ya yi fice yakan wakilci Jihar Kaduna a gasar wasanni ta ƙasa, wadda aka fara a Legas a 1973, Kaduna kuma ta shirya a 1977 da 2009.

Sai dai kaɗan ne ke kaiwa can. Jami'a ba ta ɗaukar ɗalibi don saurin ƙafarsa kamar yadda ake yi a Amurka. Sai ya ci jarrabawa. Ƙwallon ƙafa na janye maza, 'yan mata kuwa da yawa sukan ajiye gudu da zarar sun fara girma, ko saboda maganar sutura ko ta aure. Waɗanda suka nace sukan nemi aikin soja, 'yan sanda ko kwastan, domin waɗannan hukumomi suna riƙe 'yan wasa da albashi. A dogon gudu, har yanzu 'yan tsaunukan Filato, musamman na wajen Pankshin, su ne ke gaba a Najeriya.