Fim ɗin mai zane da farashin zanensa: tambayoyi da amsoshi

Me ya sa masu shirya fim suka fi son labarin mai zanen da ya sha wahala?

Saboda zane aiki ne na zama wuri ɗaya cikin shiru, kyamara kuwa rikici take nema. Vincent van Gogh, mai zane ɗan ƙasar Holland, ya yanke kunnensa a garin Arles na Faransa a 1888, ya rasu a 1890 yana da shekara 37. Kirk Douglas ya fito a matsayinsa a fim ɗin Lust for Life na 1956. Haka ma Jean-Michel Basquiat na Amurka, wanda ƙwaya ta yi ajalinsa a 1988 yana da shekara 27, an yi fim ɗinsa a 1996.

Fim ne ke tayar da farashin?

Yana ƙara wa suna tashe, amma tushen tsadar shi ne ƙaranci. Wanda ya mutu da ƙuruciya aikinsa ƙidayayye ne, masu nema kuma kullum ƙaruwa suke. A 2017 an sayar da zanen Basquiat guda a gwanjon kamfanin Sotheby's kan dala miliyan 110.5.

Zanukan da ake gani a fim na asali ne?

Galibi kwafi ne. A fim ɗin Basquiat, magada sun hana a yi amfani da aikinsa, sai aka zana masu kama da nasa. Abin takaici, 'yan damfara ma labarin suke sayarwa: a 2022 hukumar FBI mai binciken laifuka a Amurka ta kwashe zane 25 da aka jingina masa daga wani gidan tarihi a birnin Orlando na Amurka.

Mai son fara tara zane a Kaduna fa?

Zariya na kusa. Can aka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, da su Uche Okeke da Yusuf Grillo, sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello kuma har yau yana yaye ɗalibai. Saya daga hannun mai zanen, ka karɓi rasit mai ɗauke da sunansa, shekara, girman zanen da irin fentin. Juya bayan zanen ka duba rubutu ko hatimi. Haska fitila ta gefe: fentin mai yana da tudu da kwari na buroshi, bugun inji kuwa sumul yake.

Yaya ake adana zanen?

Kada ka rataye a bangon da ke tsatsafo da damina, yadin zai yi fumfuna. Rana kai tsaye tana kashe launi. Bushewar hunturu na sa katakon firam ya tsuke har fenti ya tsage. Ƙura kuma a kaɗe ta da buroshi mai laushi, ban da jiƙaƙƙen tsumma. Duk wata uku a sauke a duba gara.