Ƙananan Kalmomin Ingilishi da ke Rikita Ƴan Damagaram

Yaron Damagaram da Faransanci yake tashi a lakwal, sai ya shiga koleji yake fara cin karo da Ingilishi, alhali Kano tana nan kusa, ta Matamai ko ta Magarya. A 2025 kuma kundin sake gina ƙasa na Nijar ya ayyana Hausa harshen ƙasa, ya ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ga tambayoyin da aka fi ji, daga ƴan kasuwar Dole har ɗaliban Jami'ar André Salifou.

Na iya Faransanci. Ba zai rage mini aiki ba?

Zai rage, sosai ma. Tun 1066 da Normandawa masu magana da Faransanci suka ci Ingila da yaƙi, kalmomin Faransanci suka kwarara cikin Ingilishi, shi ya sa *table*, *nation* da *important* ba za su ba ka wahala ba. Matsalar tana ga waɗanda suka yi kama a ido amma suka rabu a ma'ana. *Library* ba shagon sayar da littattafai ba ne, ɗakin karatu ne inda ake aro. Shagon *bookshop* ne. *Actually* ba "a halin yanzu" ba ne, "a gaskiya" yake nufi, kuma yawanci mai gyara maka zance ne yake fara magana da shi. *Attend* halarta ne, jira kuwa *wait*. *Location* wuri ne kawai, ba ruwansa da haya, haya *rent* ce. A nan idan an ce kar, babbar motar fasinja ke zuwa a rai. A Ingilishi *car* ƙaramar mota ce, babbar *bus*. Wadda ta fi ba ni dariya ita ce *bless*. Mai Faransanci yana jin ta sai ya tuna jin rauni, alhali *God bless you* addu'a ce, Allah ya yi maka albarka.

Mene ne ainihin ma'anar *get*? Kullum da fassarar da nake gani.

Ba ta da ma'ana ɗaya, kuma duk wanda ya ba ka ɗaya ya rage maka. Dubi abin da ya biyo bayanta. Idan sunan abu ne, samu ne ko karɓa: *I got money*, na sami kuɗi. Idan wuri ne, isa ce: *I got home*, na isa gida. Idan siffa ce, sauyin hali ne: *I got tired*, na gaji; *it's getting dark*, duhu ya fara yi. Sai ƴan ƙananan kalmomin da ke manne mata su juya ta gaba ɗaya: *get up* tashi, *get in* shiga, *get off* sauka daga mota. *I get it* kuma "na gane" ne.

Bahaushe bai kamata ya yi mamaki ba. Mu da muke cin tuwo, cin kasuwa, cin amana, cin jarrabawa da cin mutunci duk da kalma ɗaya, wa za mu yi wa ƙorafi?

*Borrow* da *lend*, wanne ne aro?

Duka biyun, amma kowanne da ɓangarensa. Mai karɓa shi ke *borrow*, mai bayarwa shi ke *lend*, kamar yadda Faransanci ya raba *emprunter* da *prêter*. Hausa wani wuri ta sa iyaka: aro ga abin da za a mayar da shi kansa, rance ga kuɗi ko hatsi. Ingilishi bai damu da wannan ba. "Ara mini bik" shi ne *lend me your pen*, ko *can I borrow your pen?* Za ka ji *borrow me* a bakin mutane da yawa a Najeriya, amma malamin jarrabawa jan biro zai sa mata.

Na ji a Kano ana ce wa wanda ya yi tuntuɓe *sorry*. Ba ban haƙuri ba ne?

A Ingila da Amurka yawanci ban haƙuri ne, ko jaje idan abin babba ne, kamar ta'aziyya. A Najeriya an ɗora wa kalmar nauyin "sannu", shi ya sa ko atishawa ka yi za ka same ta. Haka *well done*: a can "sannu da aiki" ce ga wanda ake wucewa yana tsakiyar aikinsa, ga Bature kuwa yabo ne bayan an gama an kuma yi kyau. *I'm coming* ma "ina zuwa" ce aka sa wa rigar Ingilishi. Ka faɗe ta kana fita, Bature zai tsaya kallonka, don shi *I'll be right back* ya sani. *How far?* gaisuwa ce tsakanin samari, kada ka fara lissafin kilomita.

Ban ɗauki waɗannan a matsayin kuskure ba. Ingilishin Najeriya ne, kuma a Kantin Kwari ya fi na littafi amfani. Abin lura kawai shi ne wanda kake magana da shi, da kuma ko a takarda ne.

Yaya zan girmama babba, tunda ba "ku"?

*You* ce ga kowa: kai, ke, ku, yaro da sarki. Ladabin yana cikin ginin jimla. *Give me water* umarni ne tsagwaronsa. *Could you give me some water, please?* shi ne na mai tarbiyya. Kafin ka tsayar da baƙo ka tambaye shi hanya, *excuse me*.

Me ya sa nake ruɗewa a farashi?

Saboda *fifteen* da *fifty*, wato 15 da 50, da ƴan uwansu tun daga 13 da 30 har 19 da 90. Masu ƙarewa da *teen* ana jan ƙarshensu, masu *ty* a farko ake danna murya, ƙarshen gajere. A hayaniyar tasha wannan bambanci ɓacewa yake, don haka ka maimaita lamba ɗai-ɗai, *one five* ko *five zero*, ko mai kaya ya danna maka a waya. Komawa Hausa ma ba kullum take raba gardama ba: jakar da ka sani a Dole sefa 1,000 ce, ta Kano kuwa naira 200.