Lambun shaƙatawa a gefen tasha: ku yi magana tun yana kan takarda

Kwanakin baya an gayyace ni wani zama a matsayina na ma'aikaciyar lafiyar al'umma. An baje mana taswirar lambun shaƙatawa da za a yi a wani fili da ke jikin sabuwar tasha, a wata unguwa ta bayan gari. Zane ya yi kyau, ba laifi. Kore ko'ina, ga 'yan da'irori a matsayin bishiyoyi, ga wani shuɗin tabo a tsakiya, wai tafki ne. Kowa sai gyaɗa kai yake yi. Can sai wata uwa ta ɗora yatsa a kusurwar takardar ta ce, "Ranka ya daɗe, nan ne wurin lilon yara?" Mai zanen ya ce ƙwarai. Ta ce, "To wannan layin da ke jikinsa fa?" Ya sunkuya ya duba, ya ce nan ne motocin bas za su riƙa tsayawa jiran fasinja. Ɗaki ya yi tsit. Ashe wurin wasan yara ya faɗo daidai bakin salansar mota, ba don mugunta ba, sai don wannan kusurwar ce ta rage bayan an gama rabon fili.

A ranar, magogin fensir kawai gyaran ya ci. Da an bari sai an zuba kankare an kafa ƙarafa, da shekara da shekaru za a yi ana kai ƙorafi. Shi ya sa nake roƙon jama'a: in kun ji za a yi irin wannan lambu a unguwarku, ku je zaman jin ra'ayi, ko da ba ku iya karanta taswira ba. Tambaya kawai za ku yi.

Mai yiwuwa wani ya ce, me ya haɗa ma'aikacin lafiya da shuka ciyawa? Ga abin da ya haɗa mu. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce baligi na buƙatar motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako, yara kuma daga shekara 5 zuwa 17 kimanin minti 60 a kullum. Mun sha faɗa wa masu hawan jini da ciwon suga haka a asibiti, su ce to, su tafi, ba su yi ba. Ban ga laifinsu ba. Wanda ya fita da sassafe ya dawo bayan duhu, yaushe zai ware lokacin atisaye? Amma ku yi lissafi: tafiyar minti 15 daga gida zuwa tasha, minti 15 a dawo, kwana biyar a mako, minti 150 ke nan cif. Abin da ke hana mutum takawa shi ne rana, ƙura, tsoron mota da tsoron duhu. In hanyar tasha ta ratsa ta cikin inuwa, mutum zai sha maganinsa bai ma san ya sha ba. Wannan ce fa'idar da lambun gefen tasha ya fi sauran lambuna da ita, domin mutane ba sai sun yi niyyar zuwa ba, dama can hanyarsu ce.

Saboda haka abu na farko da zan duba a zane shi ne ƙofofi. Lambu mai ƙofa ɗaya, kewaye da katanga, ya zama shinge tsakanin gidaje da tasha. Mutane za su zagaye shi ta bakin titi, ko su fasa katangar su yi wa kansu hanya. Ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya na yankin Turai ya ba da shawara a 2017 cewa kowa ya samu koren fili na jama'a mai girman aƙalla rabin hekta zuwa hekta ɗaya a cikin mita 300 daga gidansa, wato tafiyar kamar minti biyar. Sai dai mita 300 a kan takarda daban, a ƙafa daban. In layin dogo ko babban titi ya gitta, mita 300 sai ta koma kilomita guda.

Nan ne zancen tsallaka titi ya shigo, kuma a ganina shi ne uwa uba. Tasha wuri ne na gaggawa. Direba na neman inda zai tsaya, fasinja na gudun kada jirgin ƙasa ya tafi ya bar shi, mai babur na kutsawa ta tsakani. Ka kawo yara masu bin ƙwallo cikin wannan hargitsi, ka ga abin da ka haɗa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce haɗarin hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Sanarwar da ƙasashe suka fitar a Stockholm a 2020 ta nemi a taƙaita gudu zuwa kilomita 30 a awa a duk inda motoci ke cuɗanya da masu tafiya a ƙafa. Allo mai lamba 30 shi kaɗai ba ya rage gudun kowa. A nemi tudun rage gudu, a ƙuntata titin daidai wurin tsallakawa, a yi ɗan tsibiri a tsakiya inda tsoho zai tsaya ya huta kafin ya ƙarasa. Gadar sama kuwa, ina da ja a kanta. Mai keken guragu, mai juna biyu da mai ciwon gwiwa ba sa hawanta, kuma su ne suka fi buƙatar lambun.

Sai hayaƙi. Tun 2012 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin injin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji. Yaro ya fi babba saurin numfashi, ga shi gajere, hancinsa kusa da salansa, balle in yana da fuka. Sauƙin abin shi ne hayaƙin mota na raguwa sosai da an ɗan yi nisa da titi. Don haka wurin wasa da kujerun tsofaffi su koma can ƙuryar da ta fi nisa da inda motoci ke tsayawa, a bar gefen tasha ga wurin ajiye kekuna da shinge mai kauri na shuke-shuke. Ƙarar motoci kuma, layi ɗaya na bishiyoyi ba ya tare ta yadda ake zato. Tudun ƙasa ko katanga ya fi aiki.

Akwai wani abu da ba a gani a taswira, wato ƙasar kanta. Filayen gefen layin dogo da tsoffin gareji sukan sha baƙin mai, da sinadarin da ake jiƙa katakon layin dogo da shi don kada ya ruɓe, wani lokaci har da dalma. Yara kuwa kun san halinsu, hannu daga ƙasa sai baki. Gubar dalma na taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma babu wani adadi nata a jini da aka sani ba ya cutarwa. Ku tambaya kai tsaye: an gwada ƙasar nan? Ina sakamakon? In an ce za a ware wa maƙwabta wurin shuka ganye, tambayar ta zama dole.

Wancan shuɗin tabo na tsakiyar zane ma mun tsaya a kansa. Ruwa a lambu ba aibi ba ne. Birnin Kuritiba na Barazil, wanda ya yi suna da tsarin motocin bas masu hanyarsu ta daban tun 1974, ya yi lambuna masu tafkuna a bakin koguna, irin su Barigui, don su riƙe ruwa lokacin ambaliya. Amma ruwan da ke kwance ba mai kula da shi gidan sauro ne, kuma a lokacin zafi sauro na iya tashi daga ƙwai ya zama babba cikin mako ɗaya zuwa kwana goma. Duk ramin da aka yi don tara ruwan sama ya kamata ya tsotse cikin kwana biyu ko uku. Tafki mai zurfi kuma yana buƙatar shinge saboda ƙananan yara.

Sauran abubuwan ƙanana ne a ido, amma su ke sa a zauna ko a wuce. Banɗaki mai ruwa da wurin wanke hannu, domin lambun da ke jikin tasha in ba shi da banɗaki, bayan bishiyoyi ne zai zama banɗakin. Famfon ruwan sha. Kujeru masu majingina da madafa, don tsoho ya iya miƙewa. Fitilu a kan hanyar da masu dawowa da dare za su bi, tare da rage tsayin shuke-shuke yadda ba za su zama maɓoya ba. Sulluɓiyar ƙarfe da ba ta da inuwa kuwa, da tsakar rana ƙona cinyar yaro take yi.

Wani abu da ba a son faɗa a irin wannan zama shi ne kuɗin haya. Lambun High Line na birnin New York, da aka buɗe a 2009 a kan tsohon layin dogo, ya ƙawata unguwarsa, amma farashin gidajen kewaye ya yi tashin gwauron zabi. Tasha da lambu a haɗe suna iya tura masu ƙaramin ƙarfi can nesa, su da aka ce don su aka yi. Gara a ɗaga maganar tun yanzu.

A zamanmu dai, kafin a tashi, an mayar da wurin lilo ɗaya gefen, an ƙara ƙofa biyu ta ɓangaren gidaje, an kuma yi alkawarin gwada ƙasa. Sai wani dattijo da bai ce uffan ba tun farko ya ɗaga sandarsa ya nuna 'yan da'irorin nan, ya ce, "'Yata, waɗannan bishiyoyin, wa zai riƙa ba su ruwa har su kama, kuma daga wane asusu za a biya shi?" Na juya na dubi mai zane, shi kuma ya dubi jami'in da ke gefensa. An rubuta tambayar, an ce za a kawo amsa a zama na gaba.